Lambar Oktan da Ruwan Kwalba: Me Injin Mota Yake Buƙata?



Iyayena shugabannin gareji, malamai masu koyar da aikin inji, direbobi da ƴan kabu-kabu, masu sayar da mai, ƙannena ɗalibai, da baƙinmu da suka taso daga Tibiri da Jiratawa, ina gaishe ku, ina kuma gode muku da kuka baro sana'o'inku kuka zo saurare.

Tambayar da aka ɗora mini ita ce: shin esansi mai babbar lambar oktan, ko magungunan kwalba da ake zubawa cikin tanki, suna ƙara wa injin motar tsere wani abu? Wani zai ce ina ruwan Maraɗi da motar tsere. Gaskiya ne, irin waɗannan motoci kaɗan ne a titunanmu. Sai dai fasahar da aka san motocin tsere da ita, wato turbo da matsi mai yawa da fesa mai kai tsaye cikin silinda, yau ta zama ruwan dare a motocin gida da aka shigo mana da su ta Kwatano da Lome. Kwalaben nan kuwa suna jere a shagunan kayan gyara, kuma mai moto ma yana saye. Don haka maganar ta shafe mu duka.

Zan faɗi amsata tun yanzu, sannan in kawo hujja. Babbar lamba tana amfanar injin da aka ƙera dominta, ba ta ƙara wa sauran injuna komai. Maganin kwalba kuwa kaɗan ne daga cikinsa ke da aiki, kuma babu ko ɗaya da ke mayar da gurɓataccen mai ya zama mai kyau. Mu a nan Maraɗi, tsabtar mai ta fi lambarsa muhimmanci nesa ba kusa ba.

Abin da ke faruwa cikin silinda

Mu fara da abin da kowane makanike ya sani da hannunsa. Fistan yana sauka, ya zuƙo iska da mai. Ya hau, ya matse su a ɗan ƙaramin wuri. Dab da ƙarshen hawansa buji ya ba da tartsatsi, wuta ta tashi daga bakin buji ta bazu har bangon silinda, zafinta ya turo fistan ƙasa. Wannan turin shi ne ƙarfin mota. Sai fistan ya sake hawa ya kori hayaƙi.

Sharaɗin aikin shi ne mai ya jira wutar buji ta iso gare shi. To amma iska idan aka matse ta zafi take yi, kuma wutar da ta taso tana ƙara matse ragowar man da ke can gefen silinda. Idan wannan ragowar ya kasa jurewa, sai ya fashe da kansa kafin lokacinsa. Ku dubi mata biyu suna daka a turmi ɗaya. Muddin kowace tana sakin taɓaryarta a kan lokaci, hatsi yana dakuwa. Da zarar ɗaya ta riga lokacinta, taɓare ne za su yi karo, hatsi ya watse, wataƙila turmin ma ya tsage. Haka yake faruwa cikin silinda, kuma direba yana jin sa: wata ƙara ce siririya ta ƙarfe, ƙyas-ƙyas-ƙyas, musamman idan mota ta ɗauki kaya tana hawan tudu, ko an taka ta da babbar giya alhali gudunta kaɗan ne. Wannan ita ce ƙwanƙwasar inji. Idan ta yi tsanani ta daɗe, tana cin kan fistan, tana karya ringi, tana ƙona gaskit.

Lambar oktan ba ta auna komai face juriyar mai ga wannan fashewa ta gaggawa. Ba ta auna ƙarfin da ke cikin lita. Lita ɗaya ta mai lamba 91 da lita ɗaya ta mai lamba 98 kusan zafi ɗaya suke bayarwa idan sun ƙone. Bambancinsu shi ne ta biyun tana jure matsi mai yawa kafin ta kama da kanta.

Daga ina lambar ta fito

A wajajen 1927 wani masanin sinadarai a Amurka, Graham Edgar, ya kawo wannan ma'auni. Ya ɗauki sinadarai biyu: ɗaya mai jure matsi ƙwarai, isooktan, ya ba shi 100, ɗayan mai saurin fashewa, heftan, ya ba shi sifili. Idan aka ce mai lambarsa 95, ana nufin juriyarsa daidai take da ta haɗin kashi 95 na isooktan da kashi 5 na heftan, bayan an gwada su a wani inji na musamman mai silinda ɗaya wanda ake iya sauya matsinsa.

Akwai abin da ya kamata masu sayen mota su lura da shi. Ƙasashen Turai suna rubuta lambar da ake kira RON, shi ya sa a Faransa za ka ga 95 da 98. Amurka kuwa tana haɗa gwaji biyu ta raba biyu, sai lambarta ta fito ƙasa da ta Turai da kamar huɗu zuwa biyar. Mai lamba 87 a Amurka ya yi daidai da 91 ko 92 a lissafin Turai, 91 na Amurka kusan 95 ne, 93 kuma kusan 98. Don haka wanda ya sayi motar da ta fito daga Amurka, ya ga an rubuta 91 a murfin tankinta, kada ya ɗauka ƙaramar lamba take nema. Babbar ce.

Wane inji ne ke buƙatar babbar lamba

Amsar tana ga yawan matsin da aka ƙera inji da shi. Injin ban-ruwa irin wanda masu lambu ke ja da shi a fadamun Jiratawa da Tibiri yana matse iska sau 8 zuwa 9. Moto irin na ƴan kabu-kabu kusan sau 9. Motar gida irin su Toyota Corolla wajen sau 10. Amma motar tsere irin Porsche 911 GT3 tana matsewa fiye da sau 13, injinta kuma yana juyawa har sau 9,000 a minti ɗaya. Masu ƙera ta sun yi haka da gangan, domin yawan matsi yana fitar da ƙarin ƙarfi daga kowane ɗigon mai, kuma saboda haka suka ce a ba ta mai lamba 98. Injin turbo ma haka yake: ko da matsinsa a takarda bai kai haka ba, turbo yana cusa ƙarin iska mai zafi cikin silinda, sai buƙatar juriya ta ƙaru.

Ku lura da inda ƙarfin ya fito. Daga ƙirar injin ya fito. Man ya ba shi damar yin aikinsa ne kawai ba tare da ƙwanƙwasa ba. In ka zuba mai lamba 98 a injin ban-ruwa, ruwan da zai ja bai fi na jiya ba, domin matsinsa bai taɓa kai inda juriyar za ta yi amfani ba.

An gwada wannan. A 2016 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada motocin da aka ƙera don mai na yau da kullum, ta ba su mai tsada mai babbar lamba. Ba ta sami wani ƙarin ƙarfi ko sauƙin shan mai na a zo a gani ba, ta kuma ƙiyasta cewa Amurkawa sun yi asarar dalar Amurka biliyan 2.1 cikin shekara ɗaya a kan wannan zato. A 2017 ta sake gwaji da motocin da kamfanoninsu suka ba da shawarar babbar lamba ba tare da wajabta ta ba. A can an sami riba, amma ƴar kaɗan: ƙarfi ya ƙaru da kashi 1.4 cikin ɗari a tsakaice, sauƙin shan mai da kashi 2.7.

To yaya idan aka ba motar tsere mai da bai kai lambarta ba? Motocin zamani suna da wata na'ura manne a jikin inji mai sauraron ƙwanƙwasa. Da ta ji, sai ta sanar da kwamfutar mota, kwamfuta ta jinkirta wutar buji, a injin turbo kuma ta rage iskar da ake cusawa. Inji ya tsira, amma ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru, hayaƙi ya ƙara zafi. Wannan kariya tana da iyaka. Iska mai zafi tana ƙara jawo ƙwanƙwasa, kuma kun san a watannin Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yana wuce digiri 40. Motar da ke neman 98, an ba ta mai na ƙasa da haka, an kunna na'urar sanyi, an taka ta da tsakar rana a hanyar Ɗan Isa, an kai kwamfutarta bango. A gidajen manmu kuwa ba a ba mu zaɓi tsakanin 95 da 98 kamar a Turai. Esansi iri ɗaya ne a famfo. Wannan lissafi ne da ya kamata mutum ya yi kafin ya biya kuɗin mota.

Abin da ke cikin kwalaben

Magungunan tanki iri biyu ne manya, kuma bai kamata a yi musu kuɗin goro ba.

Na farko su ne masu cewa suna ɗaga lambar oktan. A nan sai an karanta da kyau. Da yawa daga cikinsu idan sun rubuta cewa suna ƙara maki uku, maki ɗaya a lissafinsu kashi ɗaya ne cikin goma na lamba. Maki uku ke nan 0.3: daga 91 zuwa 91.3. Mu yi lissafi tare. Akwai sinadarin toluwin da matatun mai ke amfani da shi, lambarsa kusan 120. Don a ɗaga tanki mai lita 50 daga 91 zuwa 95 da shi, sai an sa kusan lita 7. Ta yaya ƴar kwalbar da ba ta kai rabin lita ba za ta yi wannan aiki? Waɗanda ke iya ɗagawa da gaske da ɗan kaɗan su ne masu ƙarfe a ciki, manganis ko baƙin ƙarfe. Amma ƙarfe ba ya ƙonewa ya ɓace. Yana barin toka ja a kan buji, yana lalata na'urar auna iskar hayaƙi, yana toshe matatar da ke cikin bututun hayaƙi. Makanike idan ya kwance buji ya ga bakinsa ja kamar tsatsa, to ya tambayi mai motar abin da yake zubawa.

Na biyu su ne masu wanke hanyar mai. Waɗannan suna da tushe. Datti yana taruwa a bakin injekta da bayan bawul, ya ɓata feshin mai, kuma gawayin da ke taruwa a kan fistan yana ƙara wa inji saurin ƙwanƙwasa. Tun 1995 dokar Amurka ta wajabta sa sinadarin wanki cikin esansi tun daga ma'ajiya, kuma wani gwajin na daban da AAA ta yi a 2016 ya nuna man da ke da ƙarancinsa ya bar datti ninki 19 na wanda ke da isasshe. Don haka maganin wanki na ƙwarai, a sa shi jefi-jefi bisa ƙa'idar da aka rubuta, yana iya taimaka wa injin da ya fara datti. Aikinsa shi ne mayar da abin da datti ya rage. Ba ya haifar da sabon ƙarfi, ba ya gyara ringi da ya cinye, kuma a injin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda ba ya isa bayan bawul ɗin shigar iska, domin mai ba ya bi ta nan.

Darasin dalma

Duniya ta taɓa samun maganin ɗaga oktan mai arha wanda yake aiki sosai. A 1921 Thomas Midgley, injiniya a kamfanin General Motors, ya gano cewa ɗan sinadarin dalma cikin esansi yana kashe ƙwanƙwasa. Aka fara sayar da shi a 1923. Shekara ɗaya bayan haka ma'aikata suka mutu a wata masana'antar haɗa shi a New Jersey, amma aka ci gaba. Shekaru da dama motoci suna fesa dalma a iskar da yara ke shaƙa, tana taɓa ƙwaƙwalwarsu. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani a kan gubar dalma ba, domin a 2010 mun ji yadda ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun daina sayar da esansi mai dalma a farkon 2006, Aljeriya kuma ita ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Shekara ɗari cif aka ɗauka kafin a kawo ƙarshen abin da aka yi don neman lamba. Duk abin da aka zuba a tanki, ta bututun hayaƙi yake fitowa, kuma hancin ɗan kabu-kabu da na yaron da ke talla a bakin titi su ne mafi kusa da shi.

Matsalarmu ta gida

Yanzu mu dawo Maraɗi. Garinmu yana bakin iyaka, kuma shekaru da yawa motocinmu sun rayu ne da man Najeriya da ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa da hanyoyin daji, ƴan ruwa-ruwa suna sayarwa a kwalba da bido. A ƙarshen Nuwamban 2011 aka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana daga ɗanyen man Agadem, kamfanin SONIDEP kuma yana rarrabawa. Duk da haka arha ta sa man kwalba bai gushe ba. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, farashi a Najeriya ya ninka fiye da sau biyu cikin ƴan kwanaki, lissafin bakin iyaka ya juye. A 2024 gwamnatinmu ta sauko da litar esansi zuwa sefa 499, a watan Maris na 2025 kuma muka ga dogayen layuka a gidajen mai. Na kawo wannan ne saboda dalili ɗaya: lokacin ƙaranci da tsada shi ne lokacin da algus ke yawa.

Ba ina cewa duk mai sayarwa a kwalba ma'algushi ba ne. Da yawansu iyalai suke ciyarwa, kuma sun fitar da mu kunya a ƙauyukan da babu famfo. Amma akwai abin da ke samun mai ko da mai shi na da amana. Esansi haɗin sinadarai ne masu sauƙi da masu nauyi. Idan ya yini a rana cikin kwalbar da ba ta rufu sosai ba, masu sauƙin suna tashi, su ne kuwa ke sa inji ya tashi da wuri da safe. Idan ya daɗe, yana yin danƙo mai toshe karburato da injekta. Bidon da aka yi ta juye-juye da shi yana kawo ƙura da tsatsa da ruwa. Idan kuma aka haɗa shi da kananzir ko gazuwal, lambarsa tana faɗuwa ƙasa warwas, domin waɗannan biyun ba su da juriyar matsi. Har injin moto, da ba ya neman babbar lamba, sai ya fara ƙwanƙwasa, ragowar da bai ƙone ba kuma ya gangara ya tsinka baƙin mai.

Ga wani misali da ke nuna cewa lamba ita kaɗai ba shaida ba ce. A watan Fabrairun 2022 hukumomin Najeriya suka tabbatar da cewa an shigo da esansi daga Antwerp ta Beljiyam, a jiragen ruwa huɗu, mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima. Motoci suka lalace, aka janye man, layuka suka cika Legas da Abuja. Metanol lambar oktan ɗinsa ta haura 100, ta fi ta duk esansin da ake sayarwa a famfo, amma yana cin roba da wasu ƙarafa na hanyar mai, yana kuma jawo ruwa. Kafin wannan, a 2016, ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta gwada mai a ƙasashen Afirka takwas, ciki har da Benin da Mali da Gana, ta sami gazuwal mai sinadarin kibiritu har ninki 378 na abin da Turai ta yarda da shi. A Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen CEDEAO suka amince a Wagadugu da rage kibiritu zuwa kashi 50 cikin miliyan. Doka a takarda mataki ne, amma sai an riƙa auna man da ke shiga tankin talaka kafin ta yi amfani.

Abin da nake roƙo

Ga mai mota: buɗe murfin tanki ko littafin mota ka ga lambar da aka rubuta, ka kuma san ko lissafin Amurka ne ko na Turai. Idan motarka ba ta neman babbar lamba, riƙe kuɗinka. Idan tana nema kuma babu, rage taka ta a tsakar rana, kada ka ja ta da babbar giya a ƙaramin gudu, kuma da ka ji ƙwanƙwasa ka ɗaga ƙafa. Kuɗin da za ka kashe a kwalbar ƙarin ƙarfi, sa shi a filtar iska, domin ƙurar hunturu tana cin inji fiye da ƙarancin lamba. Sa shi a filtar mai, da buji na ainihi, da juyen baƙin mai a kan lokaci, da lagireto mai tsabta, domin injin da ke zafi shi ne ke fara ƙwanƙwasa.

Ga mai moto da mai injin ban-ruwa: injinku ba ya neman lamba, tsabta yake nema. Ku sayi mai inda kuka sani, ku tace shi kafin ku zuba, kada ku bar shi ya yi watanni a tanki bayan an gama aikin rani.

Ga iyayena makanikai: mutane sun fi yarda da maganarku fiye da rubutun kowane kamfani. Idan mota ta zo tana ƙwanƙwasa, a duba zafin inji da buji da lokacin wuta da ingancin mai kafin a miƙa wa mai ita kwalba. Ku koya wa yaranku karanta launin buji da sauraron inji.

Ga masu sayar da mai, na famfo da na kwalba: a rufe, a ajiye a inuwa, a cika mudu, kada a haɗa. Injin da algus ya kashe sau da yawa shi ne jarin gida gaba ɗaya.

Ga hukuma da malaman Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa: gari irin Maraɗi, da mai ke shigo masa ta hanyoyi da yawa, ya cancanci wurin gwajin mai da kowa zai iya kai samfuri, a kuma riƙa bayyana sakamakon ga jama'a. Gwajin nauyin mai da na ruwan da ke cikinsa ba su buƙatar kayan aiki masu tsada, kuma ɗalibanmu za su iya su.

 Allah ya tsare mu a kan hanya, ya sa albarka a sana'o'inmu.